Mai Kwafa da Mai Fassara

Doka ce sarauniyar dajin Kamuku. Akwai kaɗanya da ɗorawa da maje da kawo, akwai maɗaci a bakin rafuka, amma duk inda mutum ya juya a wannan daji na ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 zamanin En'e, gwamnatin tarayya kuma ta ɗaga darajarsa ya zama gandun ƙasa a 1999, doka ce za ta tare masa ido. A ƙarshen rani, tun ruwa bai sauka ba, takan fito da sabon ganye ja, wanda daga baya zai rikiɗe ya koma kore. Can ƙasa kuwa saiwarta na nan cikin duhu, ba ta taɓa ganin rana ba. Wanda bai san itacen ba, in aka ajiye masa ganyen da saiwar a gabansa, ba zai ce uwa ɗaya ta haife su ba. Amma da za a buɗe ƙwayar halitta guda daga ganyen, a buɗe wata daga saiwar, rubutun gadon da za a tarar a cikinsu iri ɗaya ne. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Ƙwayar da ke cikin hanta da wadda ke cikin ƙwaƙwalwa littafi ɗaya suke riƙe da shi, amma hanta ba ta tunani, ƙwaƙwalwa kuma ba ta yin matsarmama.

Dalilin haka shi ne akwai ayyuka biyu da ƙwayar halitta take yi da wannan rubutu, kuma ɗaliban sakandare sun saba cakuɗa su a jarrabawa, don duka biyun daga DNA suke farawa. Ɗaya shi ne a maimaita rubutun kansa domin a bar wa ƙwaya ta gaba. Ɗayan shi ne a karanta wani yanki nasa a ƙera furotin da shi. Na farko sha'anin gado ne, na biyu sha'anin aikin yau.

DNA zare biyu ne da suka nannaɗe juna, kuma haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su: A, T, G, C. Kowane harafi a zare ɗaya yana da abokin zama a ɗaya zaren, kuma ba a sauya aboki: A da T, G da C. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a Kambirij a 1953, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Da zarar an ga siffar, an ga yadda za a kwafe ta. In aka warware zaren biyu, kowanne zai faɗi abin da ya kamata a jera a gefensa, sai a wayi gari da biyu inda da ake da ɗaya. A 1958 Matthew Meselson da Franklin Stahl suka tabbatar da cewa haka ake yi: kowane sabon DNA rabinsa tsohon zare ne, rabinsa sabo. Ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da haruffa wajen biliyan 6, rabi daga uwa rabi daga uba, an rarraba su cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafe su duka, daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak, a cikin sa'o'i kamar takwas. Ba ta tsallake shafi don ba ta da amfani da shi.

Ƙera furotin ba haka yake ba. Nan zaɓe ake yi. A cikin wannan dogon rubutu akwai babi-babi wajen 20,000 da ke bayanin yadda ake haɗa furotin, kuma duk gaba ɗayansu ba su kai kashi 2 cikin 100 na rubutun ba. Ƙwaya takan buɗe babin da take bukata kawai, ta juyo shi a kan wani zare guda mai gajeren kwana da ake kira RNA, ta tura shi waje daga cibiyarta, asalin kuma ya zauna a ciki ba ya fita. A waje akwai wata 'yar na'ura, ribosom, da ke bin RNA tana karanta haruffa uku-uku. Kowane uku kalma ce, kowace kalma kuma tana nufin ɗaya daga cikin sinadarai 20 da ake kira amino asid. Haruffa huɗu in aka jera su uku-uku suna ba da kalmomi 64: guda 61 suna kiran amino asid, uku kuma ma'anarsu a tsaya. Kalmar farko da aka gano ma'anarta ita ce UUU, wadda Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka warware a Amurka a 1961. Ribosom na ɗaura amino asid ɗaya bayan ɗaya har sarƙa ta cika, sarƙar ta naɗe kanta ta ɗauki siffa, siffar kuma ita ce aikin. Da furotin ake narkar da tuwo a ciki, da shi tsoka ke motsi, da shi jini ke ɗaukar iska.

Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san mutanen nan biyu. Akwai ɗalibin da zai ari Risala a wurin malaminsa, ya fitar da warƙoƙin daga gafaka, ya zauna da tawada da alƙalami ya kwafe ta tun daga bangon farko har na ƙarshe. Abin da ake nema a wurinsa amana ce. Ba lallai ne ya fahimci abin da yake rubutawa ba. Hasali ma mai kwafar da ya fiye fahimta shi ne abin tsoro, don shi ne zai ga jimla ya ce ai marubucin ba haka yake nufi ba, ya gyara. Larabci ya shiga hannunsa, Larabci ya fita. Akwai kuma malamin da za a biya wa karatu da safe, ɗalibi na jan kalma yana mayar masa da Hausa. Shi ba ya karanta littafin duka a zama ɗaya. Mai shirin tafiya babin ƙasaru za a buɗe masa, wanda aka yi wa rasuwa babin rabon gado. Abin da ya shiga da abin da ya fita ba harshe ɗaya ba ne, kuma a bakinsa ne baƙin da ke kwance a takarda yake tashi ya zama abin da mutum zai yi aiki da shi. Masana kimiyyar ma, da suka zo raɗa wa aikin ribosom suna, fassara suka kira shi.

Inda wannan kamance ya fi burge ni shi ne wajen kuskure. In malam ya yi tuntuɓen harshe yau a zaure, gobe zai gyara, ko wani babban ɗalibi ya tuna masa, littafin kuma yana nan yadda yake. Amma in mai kwafa ya ɗiga ɗigo inda babu, wanda ya ara a hannunsa zai kwafi ɗigon, na Zariya ya kwafa daga wannan, na Katsina ya kwafa daga na Zariya, bayan shekara ɗari a tarar da zuri'ar littattafai duk da tabo a wuri ɗaya. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa a Kaduna da irin wannan tabo suke gane wane kwafi ne ya haifi wane. Ƙwayar halitta ta raba tsantseninta daidai da wannan bambanci. Sinadarin da ke kwafar DNA yana duba bayansa, in ya sa harafin da bai dace ba ya koma ya cire, bayansa kuma akwai wasu masu bi suna sake dubawa, har kuskuren da ke tsira bai wuce ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Ribosom kuwa takan yi kuskure sau ɗaya cikin 'yan dubbai, kuma ba a damu ba. Furotin da ya fito a karkace rushe shi ake yi a ƙera wani.

Kuma hanyar ba ta komawa baya. Crick ya faɗi wannan ƙa'ida tun 1958: bayani na fita daga rubutu zuwa furotin, amma furotin ba ya komawa ya sake rubutun. Mu ma muna da shaida a fuskokinmu. Tsagar gado sunanta gado, amma kaka da kakanni ana yin ta, ba a taɓa haifar jariri da ita ba. Kowane sai an kira masa wanzami.

Ɗigon da ya fi kowane tsada a ƙasar Hausa yana cikin kuromosom na 11, a babin da ke bayanin ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Sarƙar amino asid 146 ce. Kalma ta shida ya kamata ta kasance GAG. A wurin wasu mutane GTG ce. Harafi ɗaya. Ribosom ba ta yi laifin komai ba, abin da ta gani ta fassara da gaskiya, ta sa balin inda ya kamata gulutamik asid ya zauna. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya a Kambirij a tsakanin 1956 da 1957. Sakamakonta shi ne duk lokacin da iska ta yi ƙaranci, himogulobin ɗin sai ya manne wa juna ya yi dogayen sanduna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Maimakon kwana 120 da lafiyayya ke yi, ita tsakanin 10 da 20 take mutuwa. Wannan shi ne amosanin jini, sikila, ciwon da ke sa yaro kuka da ƙashinsa cikin sanyin hunturu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu shi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai wajen 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da harafin daga ɓangare ɗaya.

Abin tambaya shi ne yadda kuskure mai kisa haka ya yaɗu maimakon ya ƙare. Amsar tana shawagi a kan kowane kududdufi daga Kuyello zuwa Dogon Dawa da damina. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS, wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya kawai, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da sauro ke ɗauke yara tun ba su yi wayo ba, masu tabon sun fi rayuwa su haihu, su miƙa shi gaba. Harafin da yake garkuwa in ya zo shi kaɗai, shi ne masifa in ya zo ta uwa da uba. Mai kwafa bai san da wannan ba. Ba ya tambayar ma'ana, shi dai ya miƙa abin da aka miƙo masa.

An daɗe da lura da wani abu: jaririn da ke da SS, wanda ya gaji harafin ta uwa da uba, lafiyarsa ƙalau a watannin farko. Sai ya doshi wata shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Harafin kuwa yana nan tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Abin da ya faru shi ne ɗan tayi yana da nasa babin himogulobin daban, wanda ba shi da tabon, kuma shi ake karantawa a ciki. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe wannan babi sannu a hankali ya buɗe na manya. Rubutu bai canja ba, shafin da ake biyawa ne ya canja. Wasu daga cikin magungunan da likitanci ya samar wa sikila ta wannan ƙofa suka bi. Maganin hydroxyurea yana sa ɓargo ya koma yana karanta babin jarirai, kuma gwajin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna ko ɗan kaɗan aka riƙa ba yara yana rage musu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hatta Casgevy, maganin da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, bai gyara harafin ba. Makullin da ke rufe babin jarirai ya lalata. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, wanda a wurin manomin masara na Birnin Gwari da shi da babu duk ɗaya. Kuma wanda aka yi wa ya warke, 'ya'yansa za su gaji S ɗinsu daram, don ƙwayoyin ɓargo aka taɓa, ba na haihuwa ba.

Saboda haka nake ganin dokar da Kano ta kafa a 2024, ta wajabta gwajin jini kafin aure, ta kama matsalar ta inda talaka zai iya kama ta. Sai dai gwaji ba tare da bayani ba rabin aiki ne. Har yau ana samun masu cewa in AS ya auri AS, cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi ciwon, kamar dai rabo ne da ake bi layi. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa ƙuri'ar, ɗaya cikin huɗu, kuma ƙuri'ar ba ta tuna abin da ya faru a cikin da ya wuce. Gida na iya haifar shida ba mai ciwo ko ɗaya, maƙwabcinsa ya haifi uku duka SS.

Muna cewa abu a jini yake in muna nufin an gaje shi. Abin mamaki, jar ƙwayar jini, wadda ita ce ta ba jini launinsa, tana cikin 'yan ƙwayoyin jikin mutum da ba su da rubutun gado sam. Tun tana ɓargo take cika cikinta da himogulobin, sannan ta tofar da cibiyarta ta fito. Ba ta kwafa, ba ta haihuwa. Gwajin da ake yi kafin aure ma ba rubutun yake dubawa ba, furotin ɗin yake dubawa, daga abin da aka fassara a gane abin da aka rubuta. Wannan ba zai sa mu daina faɗar maganar ba, kuma a kan sikila ma'anarta daidai ce. Inda take ɓaci shi ne in aka ɗauke ta daga ciwo aka kai ta kan hali. A shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin fargaba, garuruwa suka watse, gonaki suka koma saura, an sha jin mutanen da aka ƙona wa zuciya suna cewa ta'addanci a jinin wata ƙabila yake. Wanda aka kashe wa ɗa ba a yi masa gardama a zaman makoki. Amma a matsayin bayani maganar ba ta da tushe. Abin da ke cikin babin nan 20,000 jerin amino asid ne. Akwai babin insulin, akwai na furotin da ke narkar da madara, babu na satar shanu, babu na tare hanya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, don ƙafa da tsoka ana gadonsu. Bindiga kuwa wani ne ke miƙa wa yaro ita, kuma wanda ya miƙa yana da suna da dalili, ana iya nemansa a tambaye shi. Wanda ya ce a jini yake ya sallami mai miƙawar ke nan.

Bambancin ayyukan nan biyu har a kan tiren mai sayar da magani yana nan. Ciprofloxacin, da ake sha don taifot, yana hana bakteriya warware zarenta, sai ta kasa kwafa. Tetracycline, kafson nan mai rabi ja rabi rawaya, da ɗan'uwansa da makiyaya ke yi wa shanu allura da shi, ribosom ɗin bakteriya suke toshewa. Suna kashe ta su bar mu ne domin ribosom ɗinta ƙirarta daban da tamu. Zurma da ke tsirowa a bayan gida kuwa tamu take nema: dafin da ke cikin 'ya'yanta ribosom ɗin mutum da dabba yake lalatawa.

Amma gwanin wasa da wannan bambanci yana cikin dajin kansa, a cikin tsando da ke fakewa a inuwar bakin rafuka. Shi ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, cutar da saboda ita aka kafa cibiyar bincike a Kaduna tun zamanin Turawa. Ƙwayar tana iyo a fili cikin jini, inda garkuwar jiki ta fi ƙarfi, amma a kasa gamawa da ita. George Cross ya nuna a 1975 cewa jikinta duka a lulluɓe yake da furotin iri ɗaya, kwafi wajen miliyan 10. A nau'in da aka fi yin nazari a kansa, an tarar tana da babi sama da 2,000 na irin wannan lulluɓi, cikakku da gutsattsari. In za ta rabu biyu, duka take kwafewa ta bar wa 'ya'yanta. In za ta karanta kuwa, ɗaya tak take buɗewa. Jikin saniya zai yi kwanaki yana koyon gane wannan lulluɓi, ya haɗa makamin da ya dace, ya kashe kusan duka. Amma kafin nan wasu 'yan ƙalilan sun riga sun rufe wannan babi sun buɗe wani, garkuwar ba ta san su ba, sai su hayayyafa a koma farko. Shi ya sa zazzaɓin ke zuwa yana lafawa yana dawowa, saniya na ramewa tana ci ba ta ƙiba, kuma shi ya sa har yau babu allurar rigakafinsa.

Da aka rasa yadda za a yi da ita ta wajen abin da take karantawa, sai aka bi ta wajen kwafa. Berenil da Samorin, magungunan da duk Bafulatanin da ke kiwo a gefen dajin nan ya san sunansu, suna shiga ƙwayar cutar su manne wa wani ƙullin DNA da take da shi, su hana ta maimaita shi. Dukansu sun haura shekara 50 a kasuwa, kuma ba a samu sabo da ya maye gurbinsu ba. A Nuwamban 2024 aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, garkuna na komawa wuraren da tsando ya daɗe bai ga saniya ba. Makiyayi kan yi allurar da hannunsa, ya ƙiyasta nauyin saniya da ido, wani lokaci ya raba ƙunshi ɗaya wa dabbobi biyu don kuɗi sun yi kaɗan, wani lokaci kuma maganin ma jabu ne. Abin da bai kai ya kashe ba tankaɗe yake yi. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke jikin saniya ɗaya ba a rasa wadda wani kuskuren kwafa ya sa maganin ba ya shigarta sosai. Rabin allura zai share sauran ya bar ta, ita kuma za ta miƙa kuskuren ga duk zuri'arta da irin amanar da take miƙa komai, tsando ya ɗauka ya kai garken gaba. An riga an samu rahoton irin waɗannan ƙwayoyi masu jure magani a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya.